Abin da Na Rage Daga Maganar Alhaji Garba

Ruwa ake shararawa kamar da bakin ƙwarya ranar da jirginmu ya sauka a babban birnin ƙasar. Ba zan faɗi sunanta ba, don akwai mutanen da na baro a can, kuma har yau ba su da inda za su sa kansu. Ƙasa ce dai a tsakiyar Afirka da ta fito daga yaƙin basasa, inda maƙwabci ya kori maƙwabci, aka ƙona kasuwanni da masallatai da majami'u. Daga baya aka sa hannu a takardar sulhu, ƙungiyoyin waje suka shigo da fararen motocinsu don a sake tayar da hukuma. Ɗaya daga cikinsu ce ta ɗauke ni aikin tafinta.

Sunana Salamatu, a Maamobi aka haife ni, cikin Zangon Accra. Mahaifiyata 'yar Dosso ce. Ita ta tura ni Yamai wurin yayarta na yi makaranta, na dawo da Faransanci da Hausa mai bambanta "ke" da "kai". Mu a Zango namiji da mace duk "kai" ne, sai mu yayyafa Twi da Turanci a kai, magana ta tafi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina fassara takardun 'yan kasuwa a wani ƙaramin ofishi a Adabraka. Mijina Awudu makanike ne a Kokomlemle, 'ya'yanmu mata biyu.

Kamfanin da ya yi mini hanyar aikin a Accra ya ce zaman ofis ne a babban birni, ga fanka ga kujera. Sai a kwana na uku shugabar aikinmu, wata Baturiya mai furfura da ake kira Madam Karin, ta shimfiɗa taswira ta ɗora yatsa can yamma, kusa da iyaka.

"Nan za mu zauna," in ji ta.

Na ce ai ni an gaya mini babban birni ne. Ta cire tabarau ta dube ni. Babu raini a idonta, gajiya ce kawai.

"Haka suke gaya wa kowa. Duba shafi na huɗu na takardar aikinki."

Na duba. An rubuta: duk inda aiki ya buƙata. Na fita baranda na kira Awudu.

"Chale, dawo gida," ya ce, da irin kiran da 'yan Accra suke yi wa na kusa. "Kai ba soja ba ne."

Na ce na riga na ajiye aikin Adabraka, an zaunar da wata a kujerata, kuma rabin Maamobi sun raka ni da addu'a, da wane ido zan koma bayan kwana uku? Ina jin ana buga guduma a garejinsu.

"To, Allah shi kare," ya ce.

Madam Karin ta yi mini bayanin aikin. A lokacin yaƙi an ƙona ofishin magajin garin da za mu, da duk takardun da ke ciki: na haihuwa, na aure, na gidaje. Hausawa da Fulanin garin, waɗanda tun kakanni suke ciniki a can, sun tsallaka iyaka. Yanzu sun fara dawowa, sai su tarar da wasu a gidajensu. Mu za mu sake gina ofishin, mu horar da magatakarda, mu kafa kwamitin ɓangarori biyu, a rubuta kowane gida da mai shi. Ni kuma an ɗauko ni daga nesa ne don masu dawowa ba su yarda da tafintan gari ba. Kowa a can yana da wanda aka kashe masa, ko wanda ake zarginsa da shi. Ni ban san kowa ba.

Kwana biyu muka yi a hanya, cikin jar laka, muna kewaye manyan motocin katako da suka maƙale. A ƙauyuka da yawa sai ka ga rabin gidaje da hayaƙin girki, rabi kuwa babu rufi, ciyawa ta leƙo ta taga. Direbanmu Firmin ɗan ƙasar ne, Kirista, da ɗan gicciye rataye a madubi. Ba ya da yawan magana. Rana ta biyu, kafin wata gada, ya rage gudu.

"Madam Salamatu, sauke mayafin, ki ɗaura ɗankwali irin na matanmu. In sun tambaye ki, sunanki Sara."

Madam Karin ta ce muna da takardar izini daga gwamnati.

"Gwamnati ba ta iso nan ba tukuna," in ji Firmin.

Na sauke mayafin na zauna a kansa. An tsallaka igiya a hanya, maza huɗu da bindigogi a gefe. Ɗaya ya leƙo, warin giya ya cika motar, ya tambayi sunana. Na ce Sara. Ya karɓi katin shaidata a juye, ya juya shi, ya hango tutar Ghana, sai ya washe baki yana kiran sunayen 'yan ƙwallonmu. Ko sunan bai karanta ba. Aka sauke igiya muka wuce. Tun da aka yanka mini rago ban taɓa musun sunana ba sai ranar, kuma ga alama ko ban musa ba za mu wuce.

Bayan kamar awa guda Firmin ya tsaya a bakin wani rafi, ya ce zai duba taya. Bai duba ba. Ya ciro tabarmar roba ya shimfiɗa a bayan mota inda ba a hangowa daga hanya.

"Lokacinku ya yi, ko? Maƙwabcina in rana ta kai nan yake yi."

Na yi alwala a rafin, na yi azahar da la'asar, shi yana tsaye ya juya baya yana kallon hanya. Da na sallame na tambaye shi ina maƙwabcin nasa yanzu.

"Ban sani ba," ya ce, ya naɗe tabarmar.

Waɗanda suka dawo ba a cikin gari suke ba. A tsohuwar makarantar firamare aka tara su, kusa da masallacin da babu rufi, an kewaye wurin da waya mai ƙaya, sojojin kiyaye zaman lafiya suna bakin ƙofa. Iyali uku, huɗu a aji ɗaya, an rarraba da zannuwa. Na kafa tebur a gindin wata bishiya. Mutum ya zo ya faɗi sunansa, da unguwarsu, da ɗaki nawa ne gidan, da waɗanda za su shaide shi. In cika fom, in yago masa 'yar takarda mai lamba. Yadda suke karɓar takardar nan da hannu biyu, su naɗe ta a leda, su soke a lalita, shi ya fara ba ni tsoro.

Wata rana da gajiya ta kama ni, na ce wa wata mata, "Kai, zo nan, zauna." Sai na ji dariya a layi. Wani dogon dattijo ne siriri, da tsohuwar kwat a kan jallabiya, wata mace tana riƙe da hannunsa.

"Wannan bakin Ankara ne," ya ce. Haka tsofaffi suke kiran Accra. "'Yata, Nima ko Sabon Zango?"

"Maamobi, Baba."

"Maamobi! Da ina saurayi na yi shekara biyu a Nima ina dakon huhun goro. Babbar gotar nan ta ruwan datti, an rufe ta?"

Na ce wani wurin an rufe, wani wurin tana nan tana aikinta. Ya yi dariya har da tari. Sunansa Alhaji Garba, matar kuma 'yarsa ce Zainabu, wadda mijinta ya mutu a hanyar gudu ya bar ta da yara. Ban san lokacin da idona ya ciko ba. Sati biyar ke nan ban ji wanda ya san inda na fito ba.

Da na tambaye shi inda gidansa yake, bai faɗa ba. Ya ce in taso. Ya kai ni ƙarshen makarantar, bakin waya, inda ya ajiye wani guntun benci. Ya nuna da sandarsa.

"Kin ga rufin kwano mai tsatsa, da mangwaro a bayansa? Ɗaki shida. Ni na buga tubalinsa. Daga nan zuwa can bai kai tafiyar a sha kofin shayi ba."

Zainabu ta ce kullum daga asuba zuwa walaha a nan yake zama. Ta yi ta fama ya daina, ya ƙi.

Bayan kwana biyu muka je gidan ni da Firmin, don ƙa'idar aikin ita ce a ji daga wanda ke ciki. Na tafi da fushi, ina zaton zan tarar da wani ƙaton ɗan bindiga. Sai na tarar da wata tsohuwa tana shanya rogo a tsakar gida, jikoki biyar suna kewaye da ita. Maman Odile ake ce mata. Da yaren garin take magana, Firmin yana juya mini zuwa Faransanci. Ta ce ƙauyensu wasu 'yan bindiga Musulmi ne suka ƙona shi, suka kashe mijinta da ɗanta a gona. Ta shigo gari da yaran nan a ƙafa, ta tarar da gida babu ƙofa, ta shiga.

"Na san mai shi," ta ce. "Wurinsa muke sayen gishiri. Ba mugu ba ne. Amma ki gaya mini inda zan kai waɗannan."

Sai ta shiga ɗaki ta fito da takarda a leda, irin yadda mutanen makaranta suke naɗe tasu. Takardar mallakar gidan ce, da sunanta. Fom ɗinmu ne. Hatimin da ke ƙasa kuwa sabon hatimin nan ne da muka kawo daga babban birni muka damƙa wa magatakardan da muke horarwa. Ta ce akuyarta ɗaya tilo ta ba shi.

Da za mu tafi ta sa aka tsinko mangwaro, ta cika ƙaramin kwano, ta ce in kai wa mai gishiri. Duk hanya ina tunanin in zubar, kar ya ɗauka cin fuska ne. Na dai kai. Zainabu ta ce a mayar mata da abinta. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya goge a kwat ɗinsa, ya gatsa.

"Ni na dasa," ya ce. "Don me ba zan ci ba? Ki mayar mata da kwanonta, ki ce na gode."

Na kai wa Madam Karin maganar hatimi a ranar. Ta dafe kai. Ta sa muka bincika, muka gano ba gida ɗaya ba ne, unguwa guda ce. Na ce a karɓe hatimin, a kori mutumin. Ta ce ba mu muka ɗauke shi ba, ma'aikacin gwamnati ne, mu tallafi kawai muke yi. Kuma surukin kwamandan 'yan bindigar yankin ne, wanda aka ba shi muƙami bayan sulhu. In aka taɓa shi, magajin gari zai rufe mana ƙofa, aikin ya tsaya gaba ɗaya.

"To me za mu yi?"

"Zan sa a rahoto."

"Sai kuma me?"

"Salamatu, wannan ce ƙasa ta huɗu da nake irin wannan aikin. Hukuma ba a gina ta a shekara ɗaya. In an bar mu shekara goma, wataƙila jikokinsa su samu."

Ba muguwa ba ce. Ta rubuta rahoton, na gani da idona, ta kira babban birni har muryarta ta dushe. Aka ce an ji, za a duba. Kwamitin ɓangarori biyu kuma ya zauna sau uku. Zama na farko aka yi gardamar wanda zai zauna a tsakiya, na biyu aka yi gardamar da addu'ar wa za a buɗe, na uku rabin mutane ba su zo ba. Ni dai ina gindin bishiya ina yago lambobi.

A can Babbar Sallah ta same ni. A masaukinmu waya ba ta kamawa sai an hau tudu kusa da tankin ruwa. Na hau na kira gida, ina jin ganguna da ƙarar babura a titin Nima, ƙaramar 'yata tana ihu a kan hayaniya: "Mma, yaushe za ka dawo? An ɗinka mini kaya, ya yi mini yawa." Na sauko na ci tuwon rogo da ganye, raina yana kan waakye, shinkafa da wakenmu na Accra, da shito mai yaji na bakin layinmu. Da yamma Zainabu ta aiko mini da soyayyen nama tsoka biyu a ganye. Makarantar gaba ɗaya akuya biyu suka yanka.

A wata na bakwai aka gama ginin ofishi. An shafa masa farin fenti, ga tuta, ga kabad na ƙarfe. Aka ce baƙi za su zo daga ƙasashen da suka ba da tallafi, a yi bikin buɗewa, kuma ana so dattijo ɗaya daga kowane ɓangare ya yi magana. Mutanen makaranta suka zaɓi Alhaji Garba.

Da safen ranar Firmin ya same ni ina goge takalmi. Ya ce ya ji a bakin direbobin sojoji cewa nan da wata biyu za a janye masu gadin makarantar, a kai su wani yankin da rikici ya tashi.

"Baƙi jirgi zai ɗauke su da yamma," ya ce. "Tsohon nan yana nan. Duk wanda ya kama suna yau, za a tuna."

An kafa rumfa. Baƙi a jeren gaba da hulunan rana, kwamanda a gefensu cikin farar riga, magatakarda a bayansa. An kawo mutanen makaranta a motar sojoji, an zaunar da su gefe guda. Alhaji ya tashi a hankali, ya kama makirufo, ni ina tsaye kusa da shi da nawa. Ya yi sallama ya gode wa baƙi, na fassara. Ya ce ginin ya yi kyau, na fassara. Sai ya gyara tsayuwa.

"Amma ku sani, hatimin da kuka kawo, da shi ake sayar da gidajenmu. Ga mai sayarwar can zaune, ga wanda ya tsaya masa a gabansa. Matar da ke gidana ba ɓarauniya ba ce, ita ma an cuce ta, an karɓe mata akuya. Mu an ba mu lamba, su an ba su takarda, an bar mu muna kallon juna ta waya. Kun gina ɗaki mai kyau kun ajiye kura a ciki. In za ku tafi, ku tafi da hatiminku."

A gefen mutanen makaranta kowa ya juyo gare ni. Na dubi kwamanda, yana wasa da makullin mota. Na dubi Zainabu, ta rufe baki da gefen mayafi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ko a takardar kwastan ban taɓa rage kalma ba. Na buɗe baki na ce da Faransanci, sannan da Turanci:

"Dattijo ya ce har yanzu akwai matsaloli game da takardun gidaje. Ya ce iyalan da ke cikin gidajen su ma abin tausayi ne. Yana roƙon a kula da yadda ake amfani da hatimi, don kowa ya samu haƙƙinsa."

Aka tafa. Wata baƙuwa ta rubuta wani abu a littafinta tana gyaɗa kai. Kwamanda ma ya tafa. Aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoton Alhaji yana musabaha da magajin gari.

Washegari na same shi a bencinsa. Na gaishe shi, ya amsa, ya matsa mini na zauna.

"'Yata," ya ce, "shekara arba'in ina ciniki da Faransanci a garin nan."

Ashe duk ya ji abin da na faɗa a rumfar.

"Da Hausa na yi don mutanena su ji na faɗa, kuma don na yarda da bakinki. Da ina so a rage, da na rage da kaina."

Na ce, "Baba, za a janye sojojin nan. Tsoro na ji maka."

"Na san za a janye su. Kafin direbanku ya sani na sani. Na kwana uku ina auna maganar nan, na yi sallama da Zainabu a kanta. Shekarata saba'in da wani abu, me ya rage mini da zan adana? Dama ɗaya ce, kuma ta wuce." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Ba na riƙe ki a zuciya. Kowa a nan tsoro yake ji mini. Shi ya sa nake zaune a bakin waya."

Na je na gaya wa Madam Karin ainihin abin da ya faɗa, kalma da kalma. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce za ta aika wa baƙin a rubuce, kuma ta aika. Ta kuma ce da ita ce a tsaye a wurin, ba ta san abin da za ta yi ba. Amsa ɗaya ta dawo, layi biyu, ana godiya da wannan bayani mai muhimmanci.

Ba mu cika wata tara ba. Saƙo ya zo cewa yaƙi ya ɓarke a wata nahiyar, masu tallafi sun juya can, ba za a yi zango na biyu na aikinmu ba. Aka ba mu sati biyu mu tattara. Fom ɗin da na cika a gindin bishiya muka jera a kwalaye. Doka ta ce na gwamnati ne, a miƙa wa ofishin magajin gari. Da hannuna na ɗauki kwali na shiga farin ginin, magatakarda ya karɓa da fara'a, ya sa a kabad, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu.

Ranar tafiya na je makaranta. Mutane suka kewaye ni, kowa ya ciro 'yar ledarsa yana tambaya wa zai riƙa nuna wa lambar yanzu. Na ce ofishi. Ba wanda ya yi mini musu, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi mini addu'ar matafiyi cikakkiya, ya ce Allah ya sada ni da iyalina lafiya. Zainabu ta rubuta lambar wayata a bangon aji da gawayi.

A Maamobi aka tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Ƙanwar Awudu ta dafa waakye tukunya guda, maƙwabta suka cika gida. Wata tsohuwar layinmu tana ta gaya wa mutane, "Salamatu ya je ya gyara ƙasan mutane." Ƙungiyar matan masallacinmu suka ce in zo in ba da labarin aikin sulhu. Na ce ba ni da lafiya. Awudu kaɗai na gaya wa maganar rumfa. Ya ce, "Kai ka ceci ransa." Na ce bai roƙe ni ba. Bai sake tayar da zancen ba.

Na samu aiki a wani shagon buga takardu kusa da shataletalen Circle. Wata uku da dawowata, ina cikin trotro, motar hayarmu ta Accra, za ni gida, saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Zainabu ce. Ta ce an janye sojoji. Sati bai zagayo ba aka fara jifa da harbi sama a bayan makaranta, mutane suka kwashe suka sake tsallaka iyaka, tana magana ne daga sansanin da suka baro a da. Baba ya ƙi tafiya. Ya ce ya yi gudu sau ɗaya, ya isa. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ƙarshe ta bi yaranta ta bar shi shi kaɗai a aji.

Na sauka a trotro ban kai tasharmu ba. Na tsaya a gefen titi na kira Firmin. Ya ce in ba shi kwana biyu.

Ranar Juma'a da hantsi ya kira ni. Ya ce ya samu tsohon. Maman Odile ce ta je makarantar da kanta da ta ji an watse, ta tarar da shi kwana biyu bai ci komai ba. Ta kamo hannunsa ta bi da shi ta tsakiyar kasuwa, mutane suna kallo, wasu suna zaginta, ta kai shi gida. Ta share masa ɗakin baya inda a da yake ajiye buhunan gishiri. Ta gaya wa mutanen kwamanda cewa baƙonta ne, wanda zai taɓa shi ya fara da ita.

"Ga shi nan," in ji Firmin.

Muryar ta ƙara siranta, amma ita ce.

"'Yar Maamobi. Na shiga gida."

"Baba, yaya jikin? Me zan aiko? Me zan yi?"

"Babu abin da za ki yi, 'yata. Ina ci, ina sha, jikokinta suna kawo mini ruwan alwala. Ɗakin dai ba taga. Da na san ni zan kwana a ciki, da na fasa masa taga." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya, Firmin ya karɓi wayar.

Da yamma Zainabu ta sake aiko da saƙo. Ta ji labarin, ta yi hamdala. Sannan ta ce, "Anti, lambarmu tana nan wurina, ban yar ba. Don Allah ki tambaya mana a ofishinku, takardar za ta fito kuwa? Mutane a nan suna ta tambayata, sun san ina da lambarki."

Kwana huɗu ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Na shirya amsoshi iri-iri masu taushi: ana kan dubawa, a ƙara haƙuri, komai da lokacinsa. Na iya irin wannan maganar, na riga na gwada. A rana ta biyar, bayan na raka yara makaranta, na zauna a dakalin ƙofar gida na danna wayar.

Na ce, "Zainabu, ofishinmu ya rufe. Fom ɗinku suna hannun mutumin da ya sayar da gidajen. Ba na jin takardar za ta fito, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Lambar da na ba ku ba ta da amfani. Ki gaya musu haka, ki ce ni na faɗa."

Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba ranar, ba ta amsa ba washegari. Sai a kwana na uku saƙo ya shigo, gajere, ana jin kukan jariri da iska a bayansa.

"Na ji, Anti. Na gaya musu. Wasu sun yar, wasu sun ce za su dai ajiye. Ina yaran?"